Rabin Taki a Shafi na Huɗu

Bari in fara da aibina, tunda ba wani babba ba ne. Shekara ashirin da uku ina cikin mawaƙan cocinmu, ban taɓa ɗaga hannu ba.

A wajenmu, idan ana gwajin waƙa mutum ya yi kuskure, ba ya tsayawa, ba ya ba da haƙuri. Hannu kawai zai ɗaga ya sauke, bakinsa na ci gaba da aiki. Mai bi da mawaƙa ta gani, ta san ka san abin da ka yi, sai a wuce ba a ɓata wa kowa lokaci ba. Haka muka tarar ana yi. Akwai ranar da za ka leƙo ka ga hannuwa na tashi suna sauka kamar ana gwanjon tumaki. Nawa dai kullum yana riƙe da takarda. Ba wai ba na kuskure ba ne. A ofishin ƙaramar hukuma nake aiki, ni ke rubuta amsar koke-koken jama'a kan shara da ramukan titi, kuma abin da aka fara koya mini shi ne yadda za ka nuna wa mutum ka ji zafin abin da ya same shi ba tare da ka ce kai ka jawo ba. Abin ya bi jikina.

Ranar Lahadin da nake ba da labari ranar bikin cocinmu ce, a tsakiyar watan Yuni. Ƙarfe biyu da rabi muna tsaye a kujerun mawaƙa, rabi a kudu rabi a arewa muna fuskantar juna, sai Rosalind Keeble, sabuwar mai bi da mu, ta tafa hannu sau ɗaya ta tsayar da mu, karo na huɗu ke nan.

"Shafi na huɗu, layi na biyu," ta ce. "Wani a cikinku yana da ladabi, kuma ladabin nan shi zai kashe ni kafin ƙarfe biyar."

Satinta shida da karɓar mu. Shekarunta ba su fi talatin ba, a keke take zuwa, kuma Allah ya yi mata kunnen da ke jin tafiyar gizo-gizo a rufin coci.

Waƙar Rob muke gwadawa. Abin da muka sani game da Rob bai fi cikin cokali ba: ya koyar da mawaƙan cocin nan shekara ɗari huɗu da wani abu da suka wuce, ya bar waƙa guda ɗaya, ba kiɗa, muryoyi huɗu zalla, kowace murya da ɗan littafinta daban. A cikin wani akwati aka tsinto littattafan a hasumiya, ɓeraye sun cinye sunan mutumin sun rage mana haruffa uku. Sau ɗaya a shekara muke rera ta, a sujadar yamma ta ranar biki, kuma bana har bishop zai zo.

To, a shafi na huɗu, layi na biyu, daidai kan kalmar "hawaye", muryar sama tana hawa wani sauti, mu kuma 'yan tena, wato muryar maza ta tsakiya, muna saukowa mu bi ta rabin taki ƙasa da shi. Na daƙiƙa guda sautin biyu suna gugar juna kamar an ja kujerar ƙarfe a kan siminti, sannan komai ya warware ya zauna lafiya. Mutanen zamanin Rob suna son wannan gugar, da gangan suke sa ta. Ni kuwa tun shekarata ta farko na yanke hukuncin cewa ko dai Rob ya sha giya ya yi tatul ranar da ya rubuta wurin, ko ɓera ne ya taka tawada ya bi ta kai. Sai na ɗaga sautina rabin taki ya daidaita da na sama, shiru kake ji. Mista Gathercole, wanda ya riƙe mu kafin Rosalind, bai taɓa cewa uffan ba. Kunnensa ya riga shi yin ritaya da shekaru.

Ya kamata in ƙara da cewa matata Hazel ce ke jan muryar sama. Shekara ashirin da shida na aure sun koya mini cewa idan Hazel ta hau wani sauti, mai hankali matsawa yake yi ya same ta a can.

"Ba na jin gugar sam," in ji Rosalind. "Tena biyu gare ni. Ɗaya yana gyara wa Rob aikinsa, ɗayan yana bin sa a baya. Daga nan tsakiya amsa-kuwwa ba ta barina in gane wa ke ja. Mista Ackrill?"

Ni ke nan. Na duƙufa a kan takardata kamar mai neman inda aka yi kuskuren ɗab'i.

"Mista Pask?"

Wilfred Pask ne ɗayan tena, yana can ɓangaren arewa, kafaɗa da kafaɗa da Barnaby mahauci, wanda muryarsa ke sa gilashin tagogi rawa. Wilfred tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekararsa saba'in da tara, kuma tun yana ɗan shekara takwas yake tsayawa a wannan kujerar. Tun da matarsa Enid ta rasu, gwajin ranar Alhamis da sujadar Lahadi su ne sati a wurinsa. Sauran kwanakin jira ne. Ni da shi mun saba. Na daɗe da lura cewa duk inda na sa murya nan yake sa tasa, tsaf, ba ko tazarar gashi, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

"To shi ke nan," Rosalind ta ce, ta ajiye fensirinta. "Rabaran ya roƙe ni kada in riƙa sa mutum ya rera shi kaɗai a gaban jama'a, wai a garin nan tozarci ne. Amma yau ba ni da zaɓi. Ɗaya bayan ɗaya. Mista Pask, fara daga..."

Kafin ta rufe baki hannun Wilfred ya tashi sama.

"Ni ne, 'yata," ya ce. "Kada ki wahalar da kanki. Ni ke ja, Desmond ke bi. Yaron kirki ne, bin na gaba kawai yake yi."

Shekarata hamsin da huɗu, kuma rabon da a kira ni yaro har na manta. Na buɗe baki. Ina so a rubuta cewa na buɗe baki. Sai dai abin da ya fito tari ne.

Rosalind ta daɗe tana kallonsa, fuskarta ta yi laushi, wanda ya fi faɗa muni.

"Na gode, Mista Pask. Kunne yana gajiya, ba laifin kowa ba ne. Idan an tashi sujada mu ɗan yi magana a ɗakin sa riguna. Muna bukatar mutum mai fara'a a ƙofa."

Ba wanda bai gane ba. A watan jiya ta yi irin wannan 'yar maganar da Misis Oddy, ɗaya daga cikin mawaƙanmu, kuma yanzu Misis Oddy tana tsaye a bakin ƙofa tana miƙa wa masu shigowa littafin addu'a, da fuskar wadda aka ƙwace wa gida. Wilfred ya gyaɗa kai, ya gyara tabarau. Shekara saba'in da ɗaya a kujera guda, za a kai shi ƙofa saboda rabin takin da ni na sata.

"Mu sake sau ɗaya," in ji Rosalind. "Daga saman shafi."

Nan take dabara ta faɗo mini, irin ta ofishinmu. Idan na rera sautin daidai yanzu, Wilfred zai bi ni kamar kullum, gugar za ta fito, Rosalind za ta ce tsoho ya gyara, magana ta mutu ba tare da kowa ya amsa komai ba. Na ja numfashi, na auna wurin tun daga nesa, na sauko a hankali kamar mai sauka daga tsani. Muna isa "hawaye" sai maƙogwarona ya yi abin da ya saba shekara ashirin da uku. Ya haye rabin taki ya je ya zauna kusa da Hazel, lafiya lau.

Rosalind ta rufe ido. "Ku je ku sha shayi," ta ce.

A zauren bayan coci mata sun jera kofuna da kek ɗin lemon tsami da burodi mai cuku a tsakiya. Na tarar da Wilfred ya riga ya cika faranti, Barnaby na tsaye a kansa.

"Ashe kai ne ɓarawon, tsoho? Duk shekarun nan ina tsaye kusa da kai ban sani ba."

"Kai da kake tsaye kusa da kanka me kake ji?" in ji Wilfred. "Ranar da aka yi tsawa ta fasa hasumiya ma sai a jarida ka gani."

"Za ka yi kyau a ƙofa, wallahi. Kai da Misis Oddy, kamar hoton biki."

"Ka bari, kada ta ji ta ɗauka da gaske. Desmond, zo ka ci kek ɗin nan kafin mahauci ya ga bayansa."

Na matsa kusa da shi, na rage murya. "Wilfred, game da abin nan na ɗazu..."

"Wane abu? Miƙo mini sukari."

Na miƙa masa sukari. Na tsaya ina shirya jimla a kaina, mai farawa da "abin takaici ne yadda al'amura suka kasance", sai na ji an kama hannun rigata ta baya. Hazel ce.

"Zo ka taya ni duba wani abu a mota," ta ce.

Ba mu zo da mota ba. Gidanmu na bayan coci.

Ta ja ni har ƙarshen maƙabarta, bayan wata babbar bishiya inda kaburburan suka tsufa har sunaye suka goge. Rana na haskawa, ƙudan zuma na ta hidimarsu a furanni. Ta juyo ta harɗe hannuwa.

"Za ka bari a kai Wilfred ƙofa?"

"Ai ba a tabbatar ba tukuna cewa..."

"Desmond. Ni ce nake riƙe da sautin da kake gudowa ka fake a ciki. Duk shekara ina hawa, ina jiran a ture ni, sai in ji ka a gefena kamar kyanwa ta samu kujera mai ɗumi."

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun Rosalind tana 'yar firamare, kusan."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ina jira in ga ranar da za ka ɗaga hannu. Na yi zaton ba za ta wuce shekara biyar ba."

Na ce mata na gwada gyarawa ɗazu, maƙogwaro ya ƙi. Ta ce ta ji, har ta tausaya mini kaɗan, amma kaɗan ɗin ya wuce. Ta duba agogo. Saura minti talatin da biyar a sa riguna.

"Zan riƙe sautina," ta ce. "Kai kuma ka tsaya a naka. Kada ka zo wurina. Ko na harare ka, kada ka zo."

Ta ɗaga murya. Na sa tawa rabin taki a ƙasa, na riƙe na ɗan lokaci, sai na ji ina zamewa sama kamar an ja ni da igiya.

"Ka zo," ta ce.

"Ban sani ba na zo."

"Haka kake cewa kullum. Sake."

Muka sake. Na zo. Muka sake, na toshe kunne ɗaya da yatsa, na zo a makare amma dai na zo. Wani mutum da ke yawo da karensa ta hanyar maƙabarta ya tsaya yana kallonmu, karen ya zauna ya karkata kai.

"Lafiya dai, Misis Ackrill?"

"Lafiya lau, Mista Fenn. Mijina nake koya wa gardama."

"Allah ya ba da sa'a," in ji shi, ya ja karensa.

Hazel ta dafa goshi. "Haba Desmond, sau ɗaya a rayuwarka ka ƙi yarda da ni mana. Ba abin da ka taɓa riƙewa a ranka? Ka tuno wani abu."

Sai kawai na ji bakina ya ce, "Labulen falo."

"Me ya samu labulen falo?"

"Ba na son sa."

"Kai ka ce ya yi kyau!"

"Ke kika ce ya yi kyau, ni na ce haka ne. Launin miyar wake gare shi. Shekara tara ina zama ina kallon miyar wake."

Idonta ya ƙanƙance. "Madalla. Riƙe labulen. Ɗaya, biyu."

Ta hau sautinta da ƙarfin da ban taɓa ji ba, irin na matar da aka zagi labulenta. Ni kuma na tsaya a nawa, na tuno miyar wake, na kafe. Sautin biyu suka haɗu a iska suka yi ta karkarwa, na ji abin har cikin haƙorana. Sannan na sauka taki ɗaya kamar yadda Rob ya rubuta, sai komai ya buɗe, wani sanyi ya bi ta ƙirjina. Ashe daɗin da ke bayan wurin, gugar ce ke biyan kuɗinsa. Shekara ashirin da uku ina ba mutane maganin ciwon da ban bari sun ji ba.

"To," in ji Hazel, tana share gefen ido da ɗan yatsa. "Ashe kana da murya. Maganar labule kuma za mu yi ta a gida."

"Yanzu idan na yi daidai a sujada, Wilfred zai bi ni, Rosalind za ta..."

"Za ta ce tsoho ya yi sa'a sau ɗaya, ta kai shi ƙofa da murmushi. Ba ka san mata ba ne. Sai ka buɗe baki ka faɗa."

"Zan duba yadda za a ɓullo wa lamarin."

"Kada ka yi mini wasiƙa, Desmond."

Ƙarfe biyar muka shigo a jere, jajayen riguna da fararen taguwoyi a sama, biyu-biyu, a hankali. Cocin ya cika fiye da yadda ya saba, har da waɗanda ba ma gani sai an yi rasuwa. Misis Oddy ta bi mu da kallo daga ƙofa. Bishop na zaune a babbar kujera kusa da bagade, ɗan gajeren mutum mai fuskar wanda ya ci abincin rana da kyau. Muka yi zabura, aka yi karatu, Rabaran ya yi addu'o'i. Hasken yamma ya ratso ta tagar yamma ya zuba ja da shuɗi a kan sanƙon Barnaby. Ina kallon Wilfred a ɗaya ɓangaren, bakinsa na buɗewa da rufewa tare da nawa, kansa a ɗage, kamar yadda na saba ganinsa tun ranar da na fara zuwa. Na ce a raina wata Lahadin wani ne zai tsaya a wurin, ko kuma ba kowa.

Sai Rosalind ta fito tsakiya, ta ba mu sautin farko a hankali, ta ɗaga hannuwa.

Duk abin da za a ce game da Rob, mutumin ya san ginin nan. Muryar sama ke farawa ita kaɗai, siririya, sai ta biyu ta shigo ta bi sawunta, sai mu, sai masu kauri daga ƙasa, kowa da hanyarsa amma ba mai taka wani, kuma dutsen cocin yana riƙe kowane sauti ya ɗan juya shi kafin ya sake shi. Masu tari suka daina tari. Shafi na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Na juya zuwa shafi na huɗu. Hazel ta ɗago ido ta dube ni daga can, kallon da na san ma'anarsa tun muna saurayi da budurwa. Ta fara hawa. Na fara sauka. Na ce a raina, miyar wake.

Muka gogu.

A maƙabarta mu biyu ne a fili. A nan kuwa ginin ya kama abin ya ɗaga shi har rufi. Na ga wata tsohuwa a layin gaba ta dafe ƙirji. Bishop ya buɗe ido. Rosalind ta yi wani irin murmushi kamar wadda aka mara a daidai inda take so. Ni kuwa jikina, wanda bai halarci bayanin da aka yi a maƙabarta ba, abin da ya ji shi ne mummunan kuskure ya fito daga bakina a gaban mutum ɗari biyu. Hannuna na dama ya saki takarda ya miƙe sama, ɗoɗar, har faffaɗan hannun taguwar ya zame zuwa gwiwar hannu.

Ba a ɗaga hannu a sujada. Ko sabon shiga ya san wannan. Kuma tunda ban taɓa yi ba, ban san yadda ake saukewa da sauri ba. Ya tsaya a sama har ƙarshen layin. Rabaran ya waiga bayansa ya ga ko wani abu ke faɗowa. Bishop, bawan Allah, ya ɗan ɗaga nasa hannun ya amsa mini, wataƙila ya ɗauka al'adar garin ce. Kafaɗun Barnaby suka fara rawa, muryarsa ta yi gargada kamar mota a kan tsakuwa, amma ya riƙe. Muka kai ƙarshe. Sautin ƙarshe ya daɗe yana yawo a sama kafin ya ɓace, kuma ba wanda ya motsa.

A ɗakin sa riguna ba a ko jira an rufe ƙofa ba.

"Ranka ya daɗe, akwai tambaya ne?" in ji Barnaby. "Ko bayan gida kake son zuwa?"

"A sa a tarihin coci," wata daga cikin mata ta ce. "A rubuta kwanan wata."

Rosalind ta shigo ƙarshe, aka yi tsit. Ta rataye rigarta, ta juyo.

"Mista Ackrill. Sati shida ina jiran in ga hannunka. Yau ka ɗaga shi a gaban bishop, a kan sauti ɗaya tilo da na tabbata ka yi daidai."

Wilfred na zaune a benci yana kwance igiyar wuyan rigarsa, yana jiran a kira shi. Hazel na bayana, ina jin numfashinta a ƙeyata. Jimloli uku masu kyau suka zo mini, kowace da "sai dai" a tsakiyarta. Na bar su suka wuce.

"Na shekara ashirin da uku ne," na ce. "Hannun. Ni ke gyara wurin, tun zamanin Mista Gathercole. Na ɗauka Rob ne ya yi kuskure. Wilfred bai taɓa jan kowa ba, ni yake bi. Idan akwai mai zuwa ƙofa, ni ne."

Na lura ba abin da ya faɗo daga sama, ƙasa kuma ba ta tsage ba. Na ɗan ji haushin hakan, ganin irin tsoron da na sha.

"Ka ɗauka Rob ne ya yi kuskure," Rosalind ta maimaita a hankali.

"Ko ɓera."

Ta cije leɓe, ta kalli rufi na ɗan lokaci. Sannan ta juya wajen benci. "Mista Pask, me ya sa ka ce kai ne?"

"Tsufa, 'yata. Hannun ne ke tashi da kansa."

"To ka riƙe shi. Ba inda za ka. Na ji ku yau, ku biyun, kamar murya ɗaya, kuma ban taɓa jin wurin nan ya fito haka ba ko a manyan majami'u. Alhamis ƙarfe bakwai. Mista Ackrill, kai kuma ka zo da fensir mai gogewa, ina so in ga sauran wuraren da ka taimaka wa matattu."

Aka fashe da dariya, Barnaby ya doki bayana har tabarau ya zamo mini. Hazel kuwa ta gyara mini kwalar riga, abin da rabonta da yi tun bikin ƙanwarta. Ta ce za ta tsaya wanke kofuna, in raka Wilfred tashar bas.

Muka fito rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba. Muka bi ta gefen kogi a hankali saboda gwiwarsa, yana riƙe da kek ɗin da aka naɗe masa a takarda. Ni kuwa ina tafe ina jin kaina wani iri, sakayau, kamar wanda ya ceto mutum daga ruwa. Har na fara tunanin yadda zan ba da labarin a ofis.

A tashar muka zauna a benci. Na yi gyaran murya.

"Wilfred, abin da ka yi mini ɗazu, ka ɗauki laifina a gaban kowa. Ban san ina da wannan matsayin a wurinka ba."

"Wane matsayi?"

"To, abota. Shekara ashirin da uku muna kallon juna."

Ya warware takardar, ya gutsuri kek, ya tauna a nitse.

"Kai dai mutumin kirki ne, Desmond, amma ba ka da lissafi. Yarinyar nan cewa ta yi in rera ni kaɗai. Gara in tafi ƙofa da mutuncina. Kuma da kai ta kora, da cocin nan ba shi da tena ko ɗaya."

"Ban gane ba. Kai fa?"

Bas ɗinsa ta shawo kwana. Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe garin kek daga rigarsa, ya laluba aljihu yana neman katinsa na shiga bas.

"Ni ai tun aikin da aka yi mini a maƙogwaro, shekara huɗu ke nan, baki kawai nake motsawa."